Babi na Shida: Kwalba da Gora

Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar ɗakin da ake naƙuda ya san shirun nan da ke biyo bayan faɗowar jariri. Ba ya daɗewa, bai fi a ƙirga goma ba, amma a cikinsa ba mai tambayar mace ce ko namiji. Ungozoma tana duƙe, kaka ta riƙe fitila, maigida yana zaure yana jan carbi. Da an ji “inyaa” sai guɗa ta tashi, a shiga barka. Idan kuwa shirun ya zarce, sai ka ji wata tsohuwa daga bakin ƙofa ta ce, da harshen mutanen Kabi, “Yaron ga shina motsi kuwa?”

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da ba wannan kuka matsayi. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya sani, jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba, ba a yi masa sallar gawa, ba ya gado, ba a kuma gadonsa. Kuka shi ne shaidar cewa rai ya zauna. Likitan yara ma kukan yake jira, sai dai shi abin da yake ji a ciki daban ne: huhu ya buɗe, iska ta shiga.

Da gangan na zaɓi in tsaya a Lolo in yi wannan babi. Lolo gari ne a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a gaɓar Kwara, wajen da kogin yake shigowa Nijeriya. Tafiya kaɗan ka faɗa Jamhuriyar Benin, ka isa Madekali, gaba kuma Malanbil. Garin shinkafa ne da kifi da fatauci, naira da sefa duk suna ciniki, a kasuwa ɗaya ka ji Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci. Wanda yake son ya san darajar kowace na'urar ceton jarirai, a irin wannan wuri ya kamata ya auna ta, domin injin da ke Birnin Kebbi ko Sakkwato bai san da jaririn da bai iso gabansa da rai ba.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin shirun nan. A cikin mahaifa jariri ba ya shaƙar iska. Huhunsa cike yake da ruwa, mabiyiya ce ke ɗebo masa oksijin daga jinin uwa ta turo ta cibiya. Da ya faɗo, wannan hanya ta kusa rufewa, dole cikin ɗan lokaci ya kori ruwan, ya buɗe miliyoyin ƙananan jakunkunan iska da ba su taɓa buɗewa ba. Wanda ya taɓa hura wa yara balan-balan ranar sallah ya san hurin farko ne mai sa kumatu ciwo. In ta ɗan kumbura, saura wasa ne. Kusan tara cikin goma na jarirai suna yin wannan aiki da kansu. Na goman ne ke neman a kama masa, kuma yawanci abin da yake nema bai taka kara ya karya ba.

A gidajenmu akwai dabarun da aka gada. Wata ta kama ƙafafun jaririn ta juya kansa ƙasa ta mari gindinsa, wata ta watsa masa ruwan sanyi, wata ta ɗauko tasa ta yi ta bugawa kusa da kunnensa. Niyyar mai kyau ce, har tunanin ma yana kan hanya, don lallai jaririn yana bukatar a zaburar da shi. Amma ruwan sanyi yana zuƙe ɗumin da yake taƙama da shi, bugun tasa kuwa cin lokaci ne kawai. Abin da ya tabbata yana aiki shi ne a goge shi tas da busasshen zane, a jefar da jiƙaƙƙen a canja wani, a goga bayansa da ɗan ƙarfi, a share baki da hanci in wani abu ya toshe su. In an yi haka bai numfasa ba, kafin minti guda ya cika sai a hura masa iska.

Abin hurawar shi ne ma'aikatan asibiti ke kira ambu. Jaka ce ta roba, girmanta bai fi ƙaramar gwanda ba, da ɗan marufi mai laushi da ake kifawa ya rufe hanci da baki. A kwantar da jariri rigingine, a ɗan ɗaga haɓarsa, a matsa jakar kamar sau 40 a minti, ido a kan ƙirjinsa a ga yana tashi yana sauka. Ba ruwanta da wutar lantarki. Ga jaririn da watanninsa suka cika, ko tukunyar oksijin ba sai an nemo ba da farko, iskar ɗaki ta isa, tunda kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne. A 2010 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu, suka fito da wani gajeren horo don koya wa ungozomomi wannan aiki, suka laƙaba wa mintin farko suna mintin zinariya. Da aka gwada horon a asibitoci takwas na Tanzaniya, mutuwar jarirai a ranar haihuwa ta ragu da kashi 47 cikin ɗari.

Akwai wani abu a sakamakon Tanzaniya da ya fi tsaya mini a rai. Yawan waɗanda ake rubutawa an haifa a mace shi ma ya ragu, da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. To ta yaya horon ungozoma zai rage haihuwar gawa? Amsar ita ce da yawansu ba gawa ba ne. Zuciyarsu tana bugawa, numfashi ne kawai bai tashi ba, aka ga ba kuka ba motsi, aka naɗe su a zane aka ce sai haƙuri. Hukuncin fiƙihu yana nan daram a kan wanda ya rasu bai yi kuka ba. Amma ba inda littafi ya ce a naɗe hannu a jira a gani ko zai yi.

Yanzu a ɗora wannan a kan Jihar Kebbi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 7 kacal cikin 100 ake yi a asibiti a jihar, mafi ƙanƙanta a duk Nijeriya. Binciken dai ya nuna yara 252 cikin 1,000 ba sa kai shekara biyar, wato ɗaya cikin huɗu, nan ma ba jihar da ta kai ta. Dalilan da ke tsare mata a gida sanannu ne: nisa, kuɗin mota, jiran izinin maigida, kunyar haihuwar fari, da tunanin cewa jaruma ita ce mai haihuwa ita kaɗai ba wanda ya ji ɗuriyarta. Ko mene ne dalilin, lissafin ɗaya ne. Mintin zinariya na mafi yawan jariran Bagudo yana wucewa ne a ɗakin da babu ambu, babu kuma wadda ta taɓa riƙe ta.

Wannan matsalar wanda bai fara numfashi ba ke nan. Ta bakwaini daban ce, kuma ita ce ta haifi ɗakin kula da jarirai kamar yadda muka san shi yau.

Bakwaini sau da yawa yakan yi kukan, ɗan siriri kamar na kyanwa, a yi hamdala. Bayan sa'a ɗaya ko biyu sai numfashinsa ya kama sauri. Ƙofofin hanci suna buɗewa suna rufewa, ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, in zai fitar kuma ka ji ɗan nishi, “ih, ih, ih”, ba tsayawa. A gida akan ce gajiyar haihuwa ce, a lulluɓe shi a bar shi ya huta. Ba hutu yake ba, kokawa yake.

Ka ɗauki ledar ƙulla koko, ka jiƙa cikinta, ka matse ta. Bangarorin biyu za su manne, sai ka yi ta murza da yatsa kafin ta buɗe. Haka jakunkunan huhu suke, jiƙaƙƙu ne ta ciki, kuma da za a bar su haka, duk fitar numfashi sai sun manne. Abin da ke hana su wani ruwa ne mai santsi da huhu ke shafa wa kansa. Likitoci suna ce masa safaktan, mu ce masa sabulun huhu. A ƙarshen ciki ne yake wadata, kafin mako na 34 yawanci bai isa ba. Saboda haka bakwaini kowane numfashi nasa hurin farko na balan-balan ne. Ya yi dubu, ya yi dubu goma, ƙarfinsa ya ƙare. Da yawansu a rana ta biyu ko ta uku suke tafiya, ba a ko sayi ragon suna ba. Akwai masu cewa ɗan wata bakwai ya fi ɗan wata takwas rayuwa. Magana ce tsohuwa, har wajen tsoffin likitocin Girka, amma ba ta da tushe: kowane mako da ɗa ya ƙara a ciki riba ce ga huhunsa.

A 1959 ne Mary Ellen Avery da Jere Mead, a Jami'ar Harvard, suka gano cewa rashin wannan sabulu ne ke kashe bakwaini. Sanin cuta kuwa ba shi ne samun magani ba. A watan Agusta na 1963 matar Shugaban Amurka John Kennedy ta haifi ɗa namiji, Patrick, saura mako biyar da 'yan kwanaki lokacinsa ya yi, nauyinsa ya ɗan haura kilo biyu. Aka garzaya da shi asibitin yara na Bostan, manyan likitocin ƙasar suka taru a kansa. Sa'a 39 ya yi a duniya. Jariri mai irin wannan nauyi da watanni, yau a asibitin koyarwa na Sakkwato ko Kano, ana sa ran ya koma gida a bayan uwarsa, kuma abin da zai cece shi, in ka gan shi, sai ka raina shi.

Bakin zaren daga nahiyarmu aka kamo shi. A 1968 wasu likitoci a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu suka tsaya suka yi nazarin nishin nan. Suka gano dabara ce ta jaririn kansa: yana ɗan tsuke maƙogwaro lokacin fitar da numfashi don ya riƙe sauran iska a huhu, kada jakunkunan su manne gaba ɗaya. Da aka sa bututun da ya hana shi nishin, sai oksijin ɗin jininsa ya faɗi. George Gregory, wani likita a San Faransisko, ya ɗauki wannan haske ya ce to bari mu riƙe masa iskar, ya huta da nishin. A 1971 ya buga sakamakon jarirai 20 masu tsananin ciwon da ya yi wa haka, 16 suka rayu. Bayan 'yan shekaru Jen-Tien Wung na Jami'ar Kolombiya da ke Niyu Yok ya sauƙaƙa abin har ya koma bututu da gorar ruwa. Wannan ita ce na'urar da ma'aikatan ɗakin jarirai ke kira sifaf.

Ga yadda take. Iska haɗe da oksijin tana tahowa ta bututu zuwa wasu 'yan ƙahoni biyu masu laushi da ke cikin hancin jariri. Wani bututun ya fita daga nan ya tafi gorar ruwa, a nutsa bakinsa a ciki. Iskar da za ta fita dole ta ture ruwan, turewar nan ita ke dawo da ɗan matsi cikin huhu. Ka sa tsinken shan lemo a kofi ka hura: in bakinsa yana sama-sama ba wuya, in ka nutsa shi ƙasa sai ka ƙara ƙarfi. Zurfin bututun a ruwa shi ne ma'aunin matsin, yawanci akan fara da santimita 5. Jaririn shi ke numfashinsa da kansa, gorar tana tokare masa ƙofa ne kawai kada ta rufe.

Na taɓa kwana a wani ɗakin jarirai saboda bakwainin wata ƙanwata. Ni da na shiga, hankalina yana kan kwalba, wato akwatin gilashin nan da muke cewa an sa jariri a ciki, don ita kowa ya sani, ita ake faɗa a gida da alfahari da fargaba. Sai na lura nas ɗin dare ba kwalbar take yawan kallo ba. Duk wucewa sai ta duƙa ta leƙa wata gorar roba da aka ɗaure da filasta a ƙafar gado, an ja mata layi-layi da biro, ruwan ciki yana ta ɓulɓul.

Na ce, “Malama, wannan gorar fa, ta mece ce?”

Ta ce, “Baban yaro, kwalba ɗumi kawai take ba shi. Numfashinsa yana nan. In ka ga ta daina tafasa, kada ka ji kunya, ka ƙwala mini kira.”

Tafasa take ce wa kumfar. In ta tsaya, ko ƙahon ya zame daga hanci, ko bakin jariri ya buɗe iska tana zurarewa, ko majina ta toshe, ko bututu ya lanƙwashe. Wajen ƙarfe biyu na dare aka ɗauke wuta. Injin tace oksijin ya yi ƙara ya mutu, gora ta yi tsit. Ban san lokacin da na miƙe ba. Kafin in buɗe baki ta riga ta iso, waya a baki tana haska wa kanta, ta zare bututu daga injin ta maƙala a tukunyar oksijin da ke jingine a bango, ta murɗa. Gora ta ci gaba da tafasa. Mai janareta sai da ya ɗauki kusan minti goma kafin ya tashe shi. Jarirai tara ne a ɗakin a daren, nas ɗaya, tukunya ɗaya. Da biyu ne ke kan gora, ban san wanda za ta zaɓa ba, ban kuma tambaye ta ba.

Sauƙin sifaf ne ya sa ta dace da mu. A Malawi, injiniyoyin Jami'ar Rice ta Amurka da likitocin Asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Bilantaya sun haɗa wata mai suna Pumani da irin famfon da ake sa wa tankin kifin ado. A gwajin da aka buga a 2014, kashi 71 cikin ɗari na jariran da aka sa wa ita sun rayu, waɗanda aka ba oksijin kawai kuwa kashi 44. A nan gida, likitocin jarirai na Asibitin Ƙasa da ke Abuja, ƙarƙashin Dakta Lamidi Audu, sun bayyana tasu ta haɗin hannu a 2013, da bututun oksijin na yau da kullum da gorar ruwa. Irin wannan haɗi ya bazu a asibitocinmu, ya kuma ceci rayuka masu yawa.

Sai dai da sauran rina a kaba. Gorar haɗin hannu yawanci oksijin tsantsa take turawa, ba a sirka shi da iska ba, oksijin kuwa magani ne, yana da ƙa'ida kamar kowane magani. Turawa sun koyi wannan darasi da tsada. A shekarun 1940 zuwa farkon 1950, asibitocin Amurka da Turai suka riƙa cika kwalabe da oksijin, a ganinsu alheri ba ya yawa. Dubban bakwaini suka rayu, suka tashi makafi, saboda yawan oksijin yana lalata jijiyoyin bayan ido da ba su gama girma ba. Wata likita a Ostareliya, Kate Campbell, tana cikin na farko da suka nuna alaƙar a 1951. Mawaƙin nan na Amurka Stevie Wonder, haihuwar 1950, yana cikin waɗanda abin ya shafa. Shi ya sa duk inda za a ba bakwaini oksijin dole a sami ɗan ma'aunin nan mai jar fitila da ake ɗaurawa a tafin ƙafa, oksimita, a riƙe lambarsa tsakanin 90 da 95. In ta haura a rage, in ta sauka a ƙara. Dangi kan ga an rage oksijin su ɗauka rowa ce ko an gaji da su; a sani idon yaron ake tsarewa. Wannan gibi na sirka iska da na wutar lantarki shi Farfesa Hippolite Amadi, injiniya ɗan Nijeriya, ya shafe shekaru yana cikewa, har na'urorinsa na numfashin jarirai masu aiki da hasken rana suka ci masa Kyautar Kimiyya ta Nijeriya ta 2023, mai dala 100,000.

To mu koma Lolo. A ce daren hunturu ne, an haifi bakwaini, an ji nishin, an kuma yi sa'a akwai wanda ya gane shi. Ina za a nufa? Ɗakin jarirai na musamman yana asibitin koyarwa na tarayya a Birnin Kebbi, gaba kuma na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ko a bi mota a zagaya ta Gadar Tuga, ko a shiga jirgin ruwa a haye Dole Kaina a kama hanyar Kamba, kowacce tafiyar sa'o'i ce, kuma sai an sami abin hawa, an sami kuɗin mai. In damina ta yi nauyi, kamar ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar Kebbi ta yanke hanyoyi, lissafin ya sake. Malanbil ta fi kusa, akwai asibitin yanki a can, amma sai an canji sefa, a yi bayani ga jami'an tsaro, a karɓi takarda da Faransanci. Da gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, fiye da shekara suna rufe, ba na jin wanda ya sa hannu a takardar ya tuna da masu naƙuda.

A wannan hanya, abin da ya fi saurin kayar da bakwaini sanyi ne. Ba shi da kitse, fatarsa kamar takarda, in jikinsa ya huce sai buƙatarsa ta oksijin ta ƙaru, huhun da dama da ƙyar yake ya ƙara rauni. An naɗe shi da zannuwa biyar an riƙe a hannu a bayan kabu-kabu, ana ganin an rufe shi, alhali zane ba ya ƙirƙirar ɗumi, tsare wanda ke akwai kawai yake yi. Maganin ya fito ne daga Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, inda kwalabe suka yi wa Dakta Edgar Rey kaɗan, ya ce iyaye mata su ɗaure jariran a ƙirji, fata da fata. An daɗe ana cewa sai jariri ya murmure kafin a fara. Sai wani babban gwaji na Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe biyar, har da asibitin koyarwa na Ile-Ife, ya nuna a 2021 cewa fara goyon ƙirji nan take, ko jariri yana kan oksijin ko sifaf, ya rage mutuwar masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kashi ɗaya cikin huɗu. A watan Nuwamba na 2022 hukumar ta mai da shi ƙa'ida. Mu da goyo gadonmu ne, ba abin da za a koya mana sai sauya wuri: daga baya ya dawo gaba, tsirara sai ɗan ƙyalle da hula, kansa a juye gefe, a ɗaure da zane a sa riga a kai. In mai jego tana zubar jini ba za ta iya ba, kaka ta ɗauka, ko goggo, ko uban da kansa. Na san za a ce namiji da goyo a ƙirji, ina aka taɓa? Ya sa babbar riga a kai, ba mai gani. Wanka kuma a jinkirta shi ya kwana guda ko fiye.

Mafi alheri ma a yi tafiyar tun ɗan yana ciki, don ba kwalbar da ta kai mahaifa. In naƙuda ta taso ko faya ta fashe ciki bai kai lokaci ba, a kama hanya a lokacin. Akwai riba ta biyu a cikin haka. Graham Liggins, likita a Niyu Zilan, yana bincike a kan tumaki ya lura cewa wata allura da ake yi wa tunkiya tana sa huhun ɗanta ya nuna da wuri. A 1972 shi da Ross Howie suka tabbatar da haka a mata. Ɗaya daga irin wannan allura ita ce deksametazon, mai arha ƙwarai. A gwajin 2020 da aka yi a ƙasashe biyar har da Nijeriya, mutuwar bakwaini ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin ɗari. Amma ba ta kemis ba ce. Wani gwaji da aka buga a 2015 ya nuna in an yi ta barkatai, ba a san ainihin makonnin ciki ba, cutarwa take yi. Ga amfanin zuwa awo da wuri, a ɗauki hoton ciki, a rubuta makonni a kati.

Wani abin mamaki kuma: bakwaini yakan manta da numfashi, ya yi ɗif na daƙiƙa ashirin ko fiye, don cibiyar numfashi ta ƙwaƙwalwarsa ba ta nuna ba. Maganin da aka fi yarda da shi kafeyin ne, sinadarin nan da ke hana mai cin goro barci. Fataken Gwanja sun shafe ƙarnoni suna ƙetare Kwara ta wajen Illo da Gaya da huhunan goro a bayan jakuna, ba su san suna ɗauke da ɗan'uwan maganin bakwaini ba. Kada dai wani ya tauna ya ɗura wa jariri. Na asibiti awo ake yi da nauyin jiki, ɗigo-ɗigo.

Ban manta da manyan kayan ba. Tun 1980 Tetsuro Fujiwara na Japan ya nuna ana iya zuba sabulun huhu ta bututu kai tsaye, yana kuma aiki kamar yankan wuƙa, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Akwai kuma babban injin numfashi, bentileta, wanda ke numfasawa a madadin jaririn da ya kasa gaba ɗaya. Wannan yana son likitan da ya iya zura bututu a maƙogwaron da bai fi tsinken tsintsiya uku kauri ba, da gwajin jini a kai a kai, da wutar da ba ta ƙiftawa, da nas da ba ta da wani aiki sai shi. Wurinsa asibitin koyarwa, kuma ya kamata a wadata su da shi. Abin da nake ƙi shi ne ɗabi'armu ta son abin da za a yanka wa ƙyalle a ɗauki hoto. Kuɗin bentileta guda, wanda wataƙila ya ƙare a sito a lulluɓe da leda, zai sayi sifaf masu sirka iska, da injin tace oksijin, da oksimita, da faifan sola da batir, ya kuma horar da ma'aikata. A sa su a Illo da Ka'oje da Bagudo, tafiyar sa'o'i ta koma ta mintuna, waɗanda suka fi ƙarfin nan ne kawai za a wuce da su Birnin Kebbi, a ɗaure a ƙirji, da oksijin a mota. Kowane ɗakin haihuwa na karkara kuma ya sami ambu wankakkiya a rataye kusa da gado, ba a kulle a ofishin shugaba ba. Sannan a riƙe ma'aikatan, a biya su a kan lokaci, don gora ba ta kiran kowa in ta daina tafasa.

Kai kuma mai karatu, in an yi haihuwa a gidanka, ka buɗe ƙirjin jaririn ka duba agogon wayarka ka ƙirga numfashinsa na minti guda cur. In ya haura 60, ko kana jin nishi, ko haƙarƙari yana lotsawa, ko leɓe da harshe sun yi duhu, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi sanyi, a ɗaura shi a ƙirji a kama hanya a daren, kada a jira gari ya waye, kada a jira a yi shawara da dangi. In kuma cikin bai kai haihuwa ba tukuna, ranar awo ta gaba ka raka ta, ka gaida ma'aikaciyar da ke wurin, ka ce ta nuna maka ambu, ka kuma tambaye ta wa ke kwana a asibitin da dare.